Garkuwan Dawa da Kwalbatinsa

Idan ana lissafa manyan mutanen da Allah ya albarkaci ƙasar Tambuwal da su, wajibi ne a fara da Alhaji Siddiƙ Garkuwan Dawa, in ba haka ba shi da kansa zai miƙe ya gyara lissafin. Mutum ne da ya ba daji ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Ya fara aiki yana ƙaramin malamin daji mai yawo a keke, ya gama yana babba mai ofis da fanka. Ya tsare mana dazuzzuka irin tsaron da ba a taɓa gani ba, domin ranar da ya yi ritaya babu sauran itacen da ɓarawo zai sata. Duk sun tafi Sakkwato a buhunan gawayi, kowace mota da takardar izini mai ɗauke da kyakkyawan sa hannunsa. Mu da muke yi masa dariya yau, da gawayin nan muka dafa shayi, kuma ba mu taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Sarautar Garkuwan Dawa babu wanda ya naɗa masa ita. A wata walimar suna ce mai sanarwa ya sunkuyo ya tambaye shi yadda za a kira shi, shi kuma ya faɗa. Da aka kira a lasifika ba wanda ya musa, sai ta zauna. Mu mutane ne masu kunya. Idan dattijo ya saka babbar riga mai aska ya ce shi wane ne, sai mu ce ranka ya daɗe, mu jira ya ba da baya.

Abu ɗaya ne ke ci wa Garkuwa tuwo a ƙwarya. Cikin waɗanda suka yi aiki tare, wani yana da layi da ake kira da sunansa, wani yana da rijiya, wani ma da bai kai shi iya Turanci ba har kwana gare shi a hanyar Jabo, inda yaran mota ke ƙwala sunansa kullum. Shi kuwa ko kwata babu. Yana so kafin ya koma ga Mahaliccinsa a ce ga wani wuri a doron ƙasa da ake kira da sunan Siddiƙ. Wannan ba abin dariya ba ne a wurinsa. Yakan zauna bayan la'asar yana wannan tunani, har shayinsa ya huce.

Ana nan sai wani tsohon abokin aikinsa ya turo masa hoto mai motsi a waya. Wata gada ce a ƙasar Turawa, an shuka mata ciyawa da itatuwa a sama, motoci na wucewa a ƙasa, namun daji na tsallakawa a kai cikin natsuwa, ko waiwaye ba sa yi. Garkuwa ya kalla, ya sake kalla, har cajin wayar ya ƙare. Ya shiga cikin gida ya shaida wa uwargidansa Hajiya Kaltume cewa Allah ya nuna masa aikin da aka halicce shi dominsa.

Ta ɗago daga tsintar shinkafa ta dube shi. Ta ce, "Alhaji, kai da ko kazag gida ba ka taɓa ba ruwa ba, mi yah haɗa ka da zomayen dawa?"

Ya juya ya fita. Ya daɗe da sanin cewa manyan mutane ba a gane su a gidajensu.

A lokacin ana gyaran hanyar da ta tashi daga Tambuwal zuwa Kebbe. Daidai wani ƙauye da ake kira Tungar Ɗanmaliki akwai ƙorama da ke cin hanya duk damina. A hannun dama akwai ɗan sauran kurmi, wanda ya tsira saboda duwatsu sun hana motar gawayi shiga. A hannun hagu akwai tafki mai riƙe ruwa har bazara. Duk abin da ya rage mai rai a kurmin nan, in ƙishi ya kama shi sai ya tsallaka titi. Mu kuwa muna da tsarinmu na kula da namun daji masu tsallaka titi. Duk direban kirki a hanyar nan yana da wuƙa a ƙarƙashin kujera. Da an ji ƙum a gaban mota sai a taka birki, fasinjoji su ɗauka baki ɗaya, "A yanka! A yanka kafin ta cika!" Ba ka taɓa ganin mun haɗa kai irin na wannan lokacin ba.

'Yan kwangila suka haƙa wurin za su saka babban kwalbati saboda ruwa. Garkuwa ya ji labari, ya ɗauki tsohuwar motarsa ya isa. Ya tsaya a kan tarin ƙasa, iska na kaɗa rigarsa, ya umarci ma'aikata su faɗaɗa ramin, su ɗaga rufinsa, su yi la'akari da tsawon ƙahon barewa. Suka ce, "To, Alhaji." Suka ci gaba da abin da zanen injiniya ya ce. Da aka gama sai ga kwalbati mai faɗi, wanda mutum zai ratsa a tsaye ba tare da ya sunkuya ba. Garkuwa ya shiga ta nan ya fita ta can, ya yi hamdala da aka bi shawararsa.

Ranar kasuwar Tunga ya tara jama'a a bakin wurin. In zai yi jawabi yakan ajiye harshen gida, ya ɗauko Hausar rediyo, ya barbaɗa mata Turanci.

"Jama'a," in ji shi, "a ƙasashen da suka ci gaba, mota tana da hanyarta, bushiya tana da tata. Wannan shi ake kira sistem. Ni da na shafe rayuwata ina yi wa namun daji hidima, ba zan zuba ido ana take 'ya'yana a kan kwalta ba. Abin da kuke gani a bayana ba kwalbati ba ne. Jahili ne zai kira shi kwalbati. Wannan Mashigin Namun Daji ne, irinsa na farko daga nan har bakin teku!"

Muka tafa. Kafin ya kai ga motarsa an riga an raɗa masa Mai Kwalbati. Wasu suka ce Lauyan Zomaye, amma wancan ya fi kama baki.

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai aiki ɗaya da Garkuwa ya yi wanda nasa ne. Ya lura dabba ba ta karanta allo, ba ta kuma jin jawabi. Don haka ya sa maigarin Tunga, Malam Sirajo, ya fito da mutane aka sari ƙaya, aka ja shinge a gefen titi dama da hagu. Shingen ya buɗe baki can wajen kurmi, yana tafiya yana tsukewa, har ya zo ya haɗe a bakin kwalbati. Duk abin da ya fito neman ruwa, ƙaya za ta yi ta lallaɓa shi har ta kawo shi ƙofa. Mutanen Tunga suka yi aikin da irin himmar da ta ba shi mamaki. Ya ga dattawa suna duban shingen suna gyaɗa kai, suna duban juna. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wayewa ta fara shigowa ƙauye.

Saura shaida daga sama. Akwai wata ƙungiya a Sakkwato mai kula da namun daji, Garkuwa ya samo lambar wata likitar dabbobi da ke cikinta, Dakta Anisa. Ya kira ta da safe, ya kira ta da rana, ya aika mata gaisuwar Juma'a har ranar Talata. Da ta ga ba mafita sai ta ce to. Ta ce ya zuba lallausan yashi a cikin kwalbatin, ya daidaita shi, kada ƙafar mutum ta taka. Duk dabbar da ta ratsa za ta bar sawu. Su za su zo su duba da idonsu. In har namun daji na bi, ƙungiya za ta kafa allo a bakin hanya, ta rubuta sunan wanda ya assasa.

Garkuwa ya sa ta maimaita maganar ƙarshe, wai layin ba shi da kyau.

Aka zuba yashi. Ya kafa doka da babbar murya a gaban maigari da jama'a: daga yau ba mai shiga, ba mai taɓawa, ba mai ko leƙawa da kare, sai ranar da baƙi suka zo. Mutanen Tunga suka ce sun ji, sun kuma gane sarai. Suka kiyaye dokar nan fiye da yadda suka taɓa kiyaye wata doka ta gwamnati.

Kullum da hantsi sai ga motar Garkuwa. Ya durƙusa a bakin kwalbati, ya ɗage hannun riga, ya yi ta nazari. Da farko abin bai yi armashi ba. Akuya ce ta fara buɗe Mashigin, sai kaji, sai jakin wani mai itace da bai san doka ba. Garkuwa ya ce wannan gwaji ne. Amma da rani ya yi nisa, ƙananan ruwaye suka ƙafe, sai yashi ya fara magana. Ga 'yan ƙananan sawun bushiya. Ga na zomo, biyu gaba biyu baya. Ga na zabin daji birjik, ga layin da wutsiyar damo ta ja.

Wata safiya ya durƙusa kamar kullum, sai ya kasa tashi. Sawun barewa ne, tsaf, kofato biyu masu tsini. A gefensa kuma ga wani ɗan ƙarami, yana bi yana tuntuɓe. Rabon Garkuwa da ganin sawun barewa tun yana yawo a keke, lokacin da in ka bar Tambuwal ba ka ganin rana sosai sai ka kusa Kebbe. Ya tuna itatuwan nan, ya tuna yadda alƙalaminsa ke gudu a kan takarda. Hawaye suka zubo masa, na gaske, ba mai kallo. Ya ji kunya, ya ji tausayi, ya kuma ji wani farin ciki da bai san inda zai ajiye shi ba. Da a ce labarin ya tsaya nan, da mun ce Allah ya shirye shi. Amma da ya share ido, abin da ya fara zuwa masa shi ne girman haruffan da za a rubuta sunansa da su.

Ya tsayar da wani mai wucewa ya ba shi waya ya ɗauki hoto don tarihi. Aka ɗauka da yawa. A kowane ɗaya Garkuwa ya fito kyakkyawa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuni, babbar riga ta baje ta rufe bakin kwalbatin ruf.

Dakta Anisa ta sa rana. Ana jibi za su zo, Garkuwa ya sauka a zauren Malam Sirajo ya zauna a kujerar maigarin, shi kuma maigari ya koma tabarma.

Ya ce, "Maigari, manyan baƙi ne za su zo, masu digiri. Ba na son abin kunya. Wurin nan a gyara shi tas, kada in ga ko tsinke. A nema musu inuwa mai sanyi. Abinci kuma, kada a kawo musu abin da suka baro a birni. A ba su abin da ƙasarmu ta fi kowa da shi."

Shi kansa bai san abin da ƙasarmu ta fi kowa da shi ba. Maganar ce ta yi masa daɗi a baki. Malam Sirajo ya ce, "An gama, ranka shi daɗe. Wada kac ce, hakanan za a yi."

Ranar da za a zo, mai hankali da sassafe zai tafi ya duba yashinsa. Garkuwa yana gaban madubi. Ya gwada hula, ya cire, ya gwada wata. Daga nan ya tafi bakin babban titin Sakkwato ya jira baƙi, saboda ya ƙudura a gaban motarsu zai zauna a shiga gari, kowa ya gani. Haka kuwa aka yi. Farar mota mai tambari ta iso, ya gaisa da Dakta Anisa, mace mai fara'a da takalmin shiga daji, da abokan aikinta. Kafin a ce masa bismillah ya buɗe gaba ya zauna. Ya sa direba ya bi ta kasuwa, ko da yake ba hanya ba ce, ya sauke gilashi yana ɗaga hannu. Daga Tambuwal har Tunga bai bar kowa ya yi magana ba. Ya ba su tarihin rayuwarsa, ya kuma yi musu alkawarin abin da zai sa su manta duk abin da suka karanta.

Tun daga nesa suka jiyo kiɗa. Da suka sauka daga titi suka gangara, Garkuwa na gaba yana taku ɗai-ɗai, sai ya tsaya cak.

Mutanen Tunga sun yi aiki, ba a ce ba su yi ba. A duk faɗin wurin nan inuwa mai sanyi ɗaya ce, cikin kwalbati. An share shi tas, an yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, an shimfiɗa tabarmi daga wannan baki zuwa wancan. An ɗora darduma a tsakiya, an jera kujerun roba, an ajiye babbar kujerar maigari domin Garkuwa. Har turaren wuta an kunna.

Hausar rediyo ta gudu ta bar shi. Ya juya ga maigari. "Sirajo! Mi nika gani haka? Wa yac ce a taɓa min yashi?"

"Kai kac ce kar ka ga ko tsinke, ranka shi daɗe."

Dakta Anisa ta sunkuya ta ɗaga gefen tabarma. Yashi na nan sumul, da zanen tsintsiya mai kyau, irin wanda ake yi wa tsakar gida ranar salla. Wata tsohuwa da ta jagoranci sharar, Inna Zahara'u, ta matso don kada a raba yabo ba ta kusa. Ta ce, "Wallahi ɗiyata mun sha aiki. Wurin ga dut sawun bisashe na, da kashinsu, awa ba a taɓa share shi ba tun da anka gina. Amma dubi yanzu. Ko sarki na iya kwana."

Garkuwa ya zaro waya ya miƙa wa Dakta hotuna. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce rigar ta yi kyau.

Amma mace ce mai adalci. Ta danne dariyarta ta ce maganar Inna ma shaida ce, tunda ba a share abin da babu. Ta ce a zauna tukuna, in ya so a tambayi mutanen gari irin dabbobin da suke gani, sai a sake zuba yashi a sa wata ranar. Ran Garkuwa ya dawo jikinsa. Ya hau kujerar maigari, ya gyara riga, ya ji sunansa na dawowa kan allo harafi bayan harafi. Har ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce share sawun ma yana cikin tsari, domin a ilimin zamani akan goge bayanan farko a sake tattara sababbi. Ya ce shi uba ne ga duk mai ƙafa huɗu da ke wannan kurmi, kuma muddin yana numfashi ba wanda zai zubar da jinin ɗaya daga cikinsu. Makaɗa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, kwalbati ya amsa.

Sai aka shigo da abinci. Tuwon dawa ne da miya, da manyan akussa a rufe. Aka buɗe, ƙamshi ya cika wurin. Garkuwa, da tun safe bai karya ba saboda zaɓen hula, ya yi bismillah ya kai tsoka baki.

Tauna ɗaya ya yi ya gane. Mutumin da ya yi shekaru yana karɓar gaisuwar mafarauta a ofis ba ya manta wannan ɗanɗanon. Ba rago ba ne, ba akuya ba ce. Ya dubi akushi, ya dubi Dakta, ya rasa yadda zai yi. Tofar da abinci a gaban baƙi rashin tarbiyya ne. Ga shi kuma an dafa shi da daddawa da citta, ya yi laushi har ƙashi. Ya haɗiye. Don kada a ga ya tsaya a yi zargin wani abu, ya ƙara wata.

Dakta Anisa ta juya nata yankin a cikin kwano, ta ce, "Wannan naman mene ne?"

Dama akwai mai jiran wannan tambayar. Ɗangiwa, sarkin mafarautan Tunga, ya miƙe da rigarsa ta layu, ya gyara tsayuwa, domin shi ma ba ya wasa da yabo.

"Ranki shi daɗe, wagga barewa ta. Wancan akushi zomaye na da zabbi. Na ƙarshe damo na, in kina ci. Dut daga nan inda kike zamne munka same su." Ya juya ya nuna Garkuwa da hannu biyu. "Kuma ga wanda za ku gode ma. Tun kakanninmu muka bin dawa, ƙaya ta soke mu, rana ta gasa mu, wata rana mu komo hannu banza. Sai Allah ya kawo muna Alhaji. Mutum guda, da ilimin boko, yat tattaro muna dawa baki ɗai ta biyo ta ƙofa guda! Tun randa munka ga shingen ga munka san mun gamu da gwani. Yanzu ko tsoho na iya farauta, zama kawai zai yi bakin kwalbati da sanda."

Garkuwa ya yi ƙoƙarin magana, nama ya tsaya masa a wuya. Da ƙyar ya ce, "Ba na hana ba? Ban ce kar kowa shi taɓa ba?"

"Ka hana, ranka shi daɗe, kuma mun kiyaye. Cewa kay yi sai baƙi sun zaka. Ai mun san wanga tsari, shi muka yi ga tafki. A hana kamu, kifi shi taru shi yi ƙiba, sai ranar buɗi a faɗa mai gaba ɗai. Jiya da marece munka buɗe, don baƙi su iske tukunya ta nuna." Ya ɗan rage murya cikin ban haƙuri. "Ɗan barewar kaɗai yat tsere muna. Amma kar ka damu, ba shi da wata hanya. Ƙishi na kama shi, nan zai biyo."

Jama'a suka tafa, makaɗa suka koma kan kirarin Garkuwa, suna kiransa mai kora dawa gida. Ba a taɓa yabonsa da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Shi kuwa yana zaune a babbar kujera, maiƙo na sheƙi a leɓensa, ya kasa ɗaga ido. Abin da ya fi ƙona masa rai, hannunsa na cikin akushi har lokacin.

Dakta Anisa ta ture kwanonta a hankali, ta nemi ruwa ta wanke hannu. Ta ce ta zagaya wurare da dama, ba ta taɓa ganin mashigin da aka tabbatar yana aiki irin wannan ba. Ta roƙi maigari a buɗe shingen ta wurare da yawa tun yau, ko ɗan da ya tsere ya samu wata hanya. Maigari ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da muka sani. Garkuwa ya bi ta har mota, ya sunkuya ta taga ya tambaya a hankali, maganar allo fa? Ta ce za su tuntuɓe shi. A komawa, bayan mota aka ba shi, tsakanin buhun kayan aiki da tayar safaya. Abin da ya rage a akussan kuwa bai kwana ba, domin mu ba ma wulaƙanta abinci.

Garkuwa ya daina zuwa Tunga. Ya ce likita ya hana shi doguwar tafiya. Waya ta yi ta ƙara, amma ba a taɓa kira daga Sakkwato ba. Shingen kuwa ba a buɗe shi ba, har gyara shi ake yi duk kaka, da gayya. Wani ya kafa tukubar tsire a bakin hanya, wani ya kawo shayi, mata suka kawo fura. Motocin Kebbe suka fara tsayawa.

Bayan 'yan shekaru aka yi rasuwa a Tunga, ta wanda ba yadda za a yi Garkuwa ya ƙi zuwa gaisuwa. Motarsa ta lalace, ta daɗe a kan duwatsu. Ya saka babbar riga ya taka zuwa inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, ya zaɓi wani da bai san fuskarsa ba.

"Ina zuwa, Baba?"

"Mashigin Namun Daji, hanyar Kebbe."

Ɗan kabu-kabu ya yi tunani. "Ban san shi ba."

"Wajen Tungar Ɗanmaliki. Inda babban..." Ya rage murya. "Inda babban kwalbatin nan yake."

"Au! Tarkon Siddiƙu! Ai sai ka ce haka, Baba. Wa ab bai san Tarkon Siddiƙu ba? Hau mu tafi."

Garkuwa ya tattare riga ya hau. Suka fita gari, iska na dukan fuskarsa. Can ya daure ya tambaya, kamar wanda bai damu ba, ko wane ne Siddiƙun da ake faɗa.

Ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya saboda ƙarar mashin. "Wani babban mafarauci na, na zamanin da. An ce shi kaɗai yak ƙare naman dawan ga duka, ko bushiya bai bari ba. Irinsu ba a sake yi. Allah dai shi jiƙan shi."

Garkuwa ya buɗe baki zai gyara masa. Sai ya tuna an ce babba. Ya danna hularsa don kada iska ta ɗauke, ya ce amin.